Taurarin Maraɗi da Hannun da Zai Zana Su

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ɗakunan malamai da tarukan ƙungiyoyinmu na al'ada, cewa wai zane-zane aikin ƴan hutu ne, ƙasar da ke fama da fari da tsadar hatsi ba ta da lokacin wasa da tawada. In aka ambaci zanen bugu, wato wanda ake sassaƙawa a kan katako ko farantin jan ƙarfe a buga shi a takarda, sai a ce wannan kam na Turawa ne. Ina ƙalubalantar wannan magana, domin kuskure ce mai tsada, kuma ƴaƴanmu ne ke biyan kuɗinta.

Bari mu fara da abin da ke salwanta. A tara ɗalibai na kowace makarantar sakandare a Maraɗi, a ce su nuna Zara ko Gamzaki, ko Kaza Mai Ƴaƴa, a ga nawa ne za su ɗaga yatsa daidai. Alhali kakanninsu a Tibiri da Jiratawa da taurari suke lissafin shekara. Malamai sun raba ta manzili 28, kowane yana da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Bakwai na damina ne: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Manomi yakan tambayi tauraron da ake ciki kafin ya zuba iri. Wannan ilimi a baki yake, kuma a ido. In bakin ya yi shiru, idon kuma ya koma kan wayar hannu, shi ke nan ya tafi. Har ranar da aka ɗauke wuta gari ya yi duhu, sama ta buɗe kamar faifai, yaranmu ƙasa suke kallo.

To, mene ne haɗin wannan da zanen bugu? Ga yadda aikin yake. Mai zane yakan sami allon katako mai santsi, ya sassaƙe duk inda yake son ya fito fari, ya shafa tawada mai kauri a kan abin da ya rage, ya ɗora takarda ya murza bayanta da cokali. Inda aka ƙwaƙule ba ya ɗaukar tawada. Saboda haka babu darasin farko da ya kai sararin dare sauƙi: allon duka baƙi ne, kowane rami da tsinin ƙusa ya yi tauraro ne. Amma sauƙin nan yana da sharaɗi. Yaro ba zai iya huda ramin a wurinsa ba sai ya fita ya dubi sama, ya ƙirga, ya gwada tazara, ya tambayi tsoho sunan abin da yake gani. Kuma tilas ya sassaƙa shi a juye, dama ta koma hagu, don ya fito daidai a takarda. A nan kimiyya da lissafi da harshe suka haɗu a aiki guda. Allo ɗaya kuwa yana iya haifar da kofe ɗari, kowane aji ya sami nasa.

Masu cewa abin na Turawa ne su saurari tarihi. A shekarar 1515, a birnin Nurembag na Jamus, Albrecht Dürer ya sassaƙa taswirar taurari biyu a kan katako, su ne na farko da aka buga a Turai. A kusurwoyin ta arewa ya zana masana huɗu da aka gaji ilimin daga gare su, ɗaya daga cikinsu Abdurrahman al-Sufi ne, Musulmin Farisa da ya rubuta littafinsa na taurari wajen shekarar 964. Tauraron da littattafan Faransanci ke kira Aldébaran, shi ne Dabaran da manomin Gobir ke jira a ƙarshen bazara. Surayya kuwa ita ce Kazarmu. Ashe Bajamushe ya ga darajar wannan gado har ya sa masa wuƙar sassaƙa, mu da muke cikinsa tsundum muna cewa baƙo ne.

A zamaninmu ma akwai Vija Celmins, wadda aka haifa a Riga ta ƙasar Latbiya a 1938, ta girma a Amurka. Shekaru da dama ta yi tana zana sararin dare da fuskar teku da saƙar gizo-gizo da tsakuwar hamada. Cikin dabarun da ta yi aiki da su akwai wadda ake kakkarce farantin jan ƙarfe gaba ɗaya har ya riƙe tawada ya ba da baƙi wuluk, sannan a bi shi ɗigo-ɗigo ana gogewa don haske ya fito. Aiki ne na watanni. Manyan gidajen adana zane na duniya suna alfahari da ayyukanta. Abin da take bi da haƙuri haka daga hotuna, mu a kanmu yake rataye kowane dare a bakin Gulbin Maraɗi, kyauta.

Kada kuma a ce sai a Turai da Amurka. A Zariya, nan kusa da mu, ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu ita ce su ɗauki dabarar zamani su zuba mata gadon gida. Onobrakpeya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen bugu na Afirka, kuma a shekarun 1980 ya yi jerin ayyuka a kan Sahel da halin da fari ya jefa mutanenta. Mutumin kudancin Nijeriya ne ya zana ƙishirwar ƙasarmu. Ina namu?

Gaskiyar magana, hannun ba baƙo ba ne a wurinmu. Mai zanen ƙwarya da ke bin bayanta da wuƙa mai zafi, sassaƙa yake yi. Badukun da ke danna ƙarfe a kan fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna har ƙasashen waje, bugu yake yi. Marinin da ke ƙulle zane kafin ya tsoma shi a baba ya san sirrin fari a cikin shuɗi. Mai sassaƙa hatimin roba a bakin kasuwa yana rubutu a juye kullum ba tare da ya ɗauki abin a bakin komai ba. Duk sassan sana'ar suna nan a warwatse cikin garin nan. Abin da ya rage shi ne a tara su a ɗaki guda, a ba su takarda. Mun ƙi yin haka ne saboda makarantar boko ta koya mana raina aikin hannu, muka mai da darasin zane abin cike gurbi, inda ake kwafar kwalba da kofi daga allo, in ma an yi shi.

Wasu za su kawo hujjar addini. Ina girmama wannan damuwa, amma ba ta shafi batunmu ba. Saɓanin malamai a kan zana abu mai rai yake. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Tauraro da ganyen gawo da zangarniyar gero da igiyar ruwa duk suna cikin wannan fili mai faɗi. Kuma lissafin manzili don sanin lokacin shuka daban yake da duba ko bokanci. Wanda ya gwama su ya zalunci malaman da suka rubuta shi. Mai zana sama da natsuwa tunani yake yi a kan halitta, abin da addini ya yi ta kira a yi.

Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Kuɗin me? Guntun katako daga wurin kafinta, ƙusa, tsohuwar wuƙa, cokali, takarda da tawada. Ƙungiyar da ke iya hayar kujeru da lasifika don bikin rana ɗaya, a yi jawabi a watse, ba za ta ce ta gaza wannan ba. Mun saba ɗaukar al'ada a matsayin kiɗa da rawa a gaban manyan baƙi. Da an tashi taro sai ƙura. Takardar da aka buga kuwa tana zama a bangon aji shekara da shekaru tana koyarwa.

A 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Abin farin ciki ne, sai dai matsayi a takarda ba ya cika aji da kayan karatu. Tun da aka buɗe makarantun gwaji na harsunan gida a 1973, ƙarancin littattafai da hotuna ke ci mana tuwo a ƙwarya. Da wane hoto za mu koyar da sararin samaniya da Hausa? Da taswirar da aka zana don sararin Faransa, mai sunayen gumakan Girka? Harshen da ba shi da hotunan kansa aro zai yi ta yi har ya manta da abin da ya mallaka.

Ga abin da nake kira a yi, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Kowace ƙungiyar al'ada a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa ta nemi dattijo ko malami da ya san taurari, a zauna da shi a rubuta sunayen da lokutan fitowarsu. Malamin Hausa da na kimiyya su fita da ɗalibai bayan gari a daren da babu wata. A gayyato mai zanen ƙwarya da baduku su koyar da riƙon wuƙa, a biya su ladansu kamar kowane malami. A ƙarshen shekara a buga kalandar manzili 28, kowane da allonsa da sunansa da aikin gonar da ke tafiya da shi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo tana nan a garin, ta taimaka wajen tantance wuraren taurarin.

Dattawan da ke riƙe da sunayen nan ba za su jira mu gama muhawara ba. Kowace shekara ana binne wasu da abin da suka sani. Malamai ƴan'uwana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ba yaran nan allo da ƙusa tun kafin damina mai zuwa.