Na'urar da ta cije a kan tambari ba ta mutu ba

A unguwar Sabon Gari ta Maraɗi, da wuya a wuni a rumfar mai gyaran salula da dekodar ba a ga wani ya taho daga Tibiri ko Jiratawa da kuka iri guda ba: an kunna na'ura, tambarin kamfani ya fito, daga nan ta cije. Mai ita ya ɗauka ta mutu. Sau da yawa kuwa da sauran ranta.

Duk wayar Android, da dekodar da dama, suna tashi ne da ƙwayar Linux, manhajar da Linus Torvalds ya soma a ƙasar Finlan a 1991. Da yake ma'ajiyarsu ƙarama ce, a matse ake ajiye ƙwayar, tamkar dilar gwanjo. In an kunna, wata ƙaramar manhaja, irin su U-Boot, ita ke ɗauko dilar ta kai ƙwaƙwalwar aiki, a kwance ta. A nan ake yawan tuntuɓe. Wani lokaci dilar ce ta lalace, domin wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta manhaja. Mutanen Maraɗi ba su manta da Agustan 2023 ba, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da ke zuwa daga Katsina. Wani lokaci filin da aka ware ne bai isa ba, sai kayan da aka kwance su danne waɗanda ba a kai gare su ba. Akwai kuma ɗaurin da mai kwancewa bai sani ba: Linux ta soma matse ƙwaya da zstd a 2020, tsohuwar U-Boot kuwa gzip ta saba da shi.

Abin takaici, na'urar takan faɗi ciwonta da bakinta, masu saurare ne suka yi ƙaranci. A jikin allon dekodar akwai ƴan ƙafafu. In an haɗa wayoyi uku da kwamfuta, galibi a gudun 115200, sai rubutu ya fito layi-layi har inda tafiya ta tsaya. In ya nuna lissafin tantancewa bai dace ba, dilar ce ta ɓaci, a sake zuba irinta sak. In ya ce an kwance lafiya sannan ya yi shiru, a bincika ko manhajar wani allo aka zuba, ko da suna ɗaya ne a kwali.

Amma yaro mai gyara yana sauri, layi na jiransa, sai ya zarce ga abin da suke kira filashin. A dekodar hasarar kaɗan ce. A salular ɗan kasuwa kuwa, filashin na iya tafiya da lambobin abokan ciniki na Kano da Kwatanu, da jerin masu bashi. Kafin ya miƙa ta, ya kamata ya tambayi mai gyara ko za a taɓa ma'ajiyar bayanansa, ya kuma tsaya ya ga lambar allon ta dace da ta manhajar da za a zuba.