Injiniyan Tantancewa da Buɗaɗɗiyar Manhaja

Aikin injiniyan tantancewa shi ne farautar kuskure a zanen ƙwaƙwalwar kwamfuta tun kafin a kai shi masana'anta. Manhaja in ta yi tuntuɓe, ana aika mata gyara ta intanet. Ƙwaƙwalwa kuwa, da zarar an ƙera ta, bakin alƙalami ya bushe. Kamfanin Intel ya ɗanɗana kuɗarsa a 1994, da aka gano ƙwaƙwalwarsa ta Pentium tana kuskure a wasu lissafin rabawa, musanyarta ta ci masa dala miliyan 475. Shi ya sa tantancewa kan cinye kaso mai tsoka na lokacin kowane zane. Cikas ɗin yana wajen kayan aiki: manhajojin gwaji sun daɗe a hannun kamfanoni ƙalilan irin su Synopsys da Cadence, kuɗin lasisinsu kuma ya fi ƙarfin ɗalibi ko ƙaramin kamfani. A nan darajar injiniyan da ya haɗa sana'ar da rubuta buɗaɗɗiyar manhaja take fitowa. Wilson Snyder, mai kula da buɗaɗɗiyar manhajar gwaji ta Verilator tun 2001, misali ne. Manhajar tana juya zanen da aka rubuta da harshen Verilog zuwa harshen C++, kowa ya sauke ta kyauta ya gwada nasa. Ɓullar RISC-V, buɗaɗɗen tsarin ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2010 ta ƙara buƙatar irinta. Sai dai haɗa biyun ba wasa ba ne. Sirrin kamfani yana hana injiniya bayyana yawancin aikinsa na ofis, kuma har yanzu Verilator ba ta kamo manhajojin kuɗi wajen ɗaukar dukan ƙa'idojin harshen SystemVerilog ba.