Madubin Ganin Dare: A Riƙe A Hannu, Kada A Ɗaura A Bindiga

'Yan'uwa manoma da makiyaya na Tozai da kewayen Illela, tun da 'yan bindiga suka matsa wa gabashin Jihar Sakkwato, musamman bayan kashe-kashen Illela da Goronyo a watan Nuwamba na 2021, ana ta zancen madubin ganin dare. Mafarauta suna so, masu gadin rumbu da garke suna so. Kafin a sayar da sa a saya, bari mu duba shi sosai.

Iri biyu ne. Na farko yana tattara ɗan hasken wata da taurari ya ƙara masa ƙarfi. In duhu ya yi yawa sai a kunna 'yar fitilarsa wadda idon mutum ba ya gani. Amma wanda ke riƙe da irinsa a daji zai hango fitilar nan tun daga nesa, kamar an kunna aci-balbal a fili. Na biyu ya fi tsada, zafin jiki yake gani, ba ya bukatar haske ko kaɗan. Ba ya ratsa bango ko gilashi. Da bazara kuma, a farkon dare, katangar laka da duwatsu suna riƙe zafin rana har hoton ya dagule.

Ga inda hatsarin yake: madubin zafi ba ya nuna fuska daga nesa. Ɓarawo, da maƙwabcin da ya fito neman akuyarsa, da makiyayin da dare ya yi masa a hanyar kasuwar Illela, duk farar inuwa ce iri ɗaya. Wanda ya ɗaura shi a bakin bindiga, wata rana zai ɗauki alhakin jinin da ba shi da laifi. Saboda haka ra'ayina shi ne a sayi na hannu guda ɗaya, da kuɗin ƙungiya, a ba mai gadi tare da usur da waya. Aikinsa ya gani da wuri, ya ta da gari, a kira jami'an tsaro. Nehemiya ma, lokacin da ake gina garun Urushalima, mai busa ƙaho ya ajiye kusa da shi.

Maharba kuwa su yi haƙuri. Zomo da zabin daji da suka rage mana ba za su jure farautar dare da irin wannan madubi ba.

Kada a shigo da shi ta ɓarauniyar hanya daga Birnin Ƙonni. A Nijeriya, shigo da kayan ganin dare sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Wanda soja suka kama da shi ba takarda, mai kai wa 'yan bindiga rahoto za a ɗauke shi. A fara sanar da hakimi da 'yan sanda, a rubuta sunan wanda zai ajiye shi, a kuma tanadi ƙaramin faifan sola domin cajin batirinsa.