Cunkoson Tashar Ikko: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

'Yan'uwa ɗalibai, mai yiwuwa ne wani ya ga kan wannan magana ya ce, ina ruwan ɗalibin da ke zaune a Arewa, wanda ko teku bai taɓa gani ba, da jiragen ruwan da ke tsaye a bakin gaɓar Ikko? To, lalle da ruwanmu. Takardar da muke rubutu a kanta, da kayan ɗakin gwaje-gwajenmu, da maganin da ake ba mu a asibitin makaranta, da kayan gyaran motar da ke kai mu gida in an yi hutu, da yawansu ta ƙofar Apapa da Tin Can suka shigo ƙasar nan. Riɗin da iyayenmu suka noma kuma ta nan yake fita. Duk kwana guda da kaya suka yi a can ba gaira ba dalili sai an biya kuɗinsa, kuma wanda kuɗin ke faɗawa kansa a ƙarshe shi ne mai saye a kasuwar Kwari ko Sabon Gari, watau mu da iyayenmu.

Ko da yaushe aka ta da zancen cunkoson Apapa, direbobin manyan motoci ake fara nuna wa yatsa. A ce su ne marasa tarbiyya, su suka tare hanya, su suka mai da gadar Ijora wurin kwana. Mu dai a ganinmu an bar jaki ne ana dukan taiki. Babu direban da ke sha'awar kwana bisa gada mako biyu ko uku, shi da yaron motarsa, ba wurin wanka, ba makewayi, ga sauro, ga ɓarayi, alhali kuwa abincinsa yana cikin tafiya ne. Layin tireloli alamar cuta ce kawai. Ita cutar tana can wani wuri, kuma ta daɗe.

Bari mu koma baya kaɗan. Bayan da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973, kuɗi suka shigo hannun Gwamnati fiye da yadda aka taɓa gani. A zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon aka ba da odar siminti wajen tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne, alhali tashar Ikko ba ta iya sauke ko kusa da wannan a shekara. Kafin shekarar 1975 ta ƙare jirage sama da 400 ne suka jeru a bakin teku suna jiran layi. Kowane jirgi kuwa ana biyansa dubban daloli kullum kuɗin jinkiri. Wasu masu wayo har tsofaffin jiragen da suka kusa mutuwa suka riƙa turowa, don sun gane zaman jira ya fi dakon kansa riba. Siminti ya sha iskar teku ya daskare a cikin wasu jiragen. Magani da abinci da injuna suka maƙale a bayan layi. Da Janar Murtala Muhammed ya karɓi mulki a watan Yuli na 1975, sai gwamnatinsa ta dakatar da jigilar, ta sa a binciki kwangilolin. Maganar ba ta tsaya nan ba, don kuwa har kotunan Ingila wani kamfanin Suwizalan mai suna Trendtex ya kai Babban Bankin Nijeriya, kuma a 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta ce bankin ba shi da kariyar da za ta hana a yi shari'a da shi.

Darasin da aka ɗauka daga wannan abin kunya shi ne tashar ta yi ƙanƙanta. Saboda haka aka gina ta Tin Can cikin gaggawa, aka buɗe ta a 1977. Wannan aiki ne mai kyau, amma rabin darasi ne. An faɗaɗa bakin tulu, an mance da wuyansa. Tashar jiragen ruwa dai wurin wucewa ce, kuma komai yawan wuraren da jirgi zai tsaya, in kayan da aka sauke ba su fita da saurin da suke shigowa, fili zai cika. In fili ya cika kuwa, jirgin da ke bisa ruwa ba shi da inda zai sauke nasa, dole ya jira. Ashe cunkoson da ake gani a teku daga tudu yake farawa. Ko a Amurka ma abin da aka gani ke nan a farkon 2022, lokacin da jirage fiye da ɗari suka yi layi suna jiran shiga tashoshin Los Anjelis da Long Bich, saboda filaye da sito-sito sun cika, motoci da jiragen ƙasa kuma sun kasa kwashewa.

To, me ya toshe wuyan tulun a wurinmu? Abu na farko kuma mafi girma shi ne mutuwar reluwe. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, kuma shekaru masu yawa shi ne ke kai gyaɗa da auduga da fatu bakin teku, ya komo da gishiri da atamfa da kananzir. Ko dalar gyaɗar nan da muke alfahari da ita, in an bi salsala, wani irin cunkoso ce: buhuna ne da aka tula suna jiran taragu, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu sa'ad da kawunan jirage da taragu suka yi ƙaranci. Maimakon a ƙarfafa reluwe, sai aka bar shi yana lalacewa a hankali, har kusan dukan kayan tashar suka koma bisa titi. Jirgin ƙasa guda yakan ja kwantenoni gommai a tafiya ɗaya. In babu shi, kowace babbar kwantena sai an nema mata tirelarta da direbanta, ta ci wajen kilomita dubu kafin ta iso Kano. Dukan motocin nan kuma ta hanyoyi biyu kacal za su shiga Apapa, ko ta Ijora, ko ta babbar hanyar Oshodi. Nauyin da ya kamata ƙarfe ya ɗauka aka ɗora wa kwalta, kwalta kuwa ta farfashe, motoci suka riƙa faɗuwa cikin ramuka suna tare hanya.

Abu na biyu shi ne mai. An shimfiɗa bututu daga matatu da bakin teku zuwa depo-depo a garuruwa irin su Kano da Gusau da Jos da Maiduguri, don tanka ta ɗauki mai kusa da inda za a sha shi. Da matatun Gwamnati suka durƙushe, masu fasa bututu kuma suka hana shi aiki, sai ƙasa ta koma sayen tataccen mai daga waje, aka cika Apapa da rumbunan mai na 'yan kasuwa. Tankoki daga kowace kusurwa ta ƙasa suka riƙa kwararowa unguwa guda, suna gogayya da tireloli a kan titi guda. Wanda ya ba da izinin gina rumbunan nan bai tambayi inda tankokin za su tsaya ba.

Na uku, akwai maganar kwantenar da aka sauke wa kaya. Kwantena ta kamfanin jirgi ce, kuma mai kaya yakan ajiye kuɗin jingina kafin ya fita da ita. In ya yi jinkirin mai da ita, sai a riƙa yankan kuɗin. Da yake abin da muke shigowa da shi cikin kwantena ya fi abin da muke fitarwa, galibinsu fanko suke komawa. Kamfanonin jirage ya kamata su tanadi filayen karɓarsu a wajen gari, amma da filayen suka gaza, sai kowa ya doshi ƙofar tasha. Ta haka mota mai ɗauke da fankon ƙarfe takan yi kwanaki a layi, a bayanta kuma ga mai ɗauke da citta daga kudancin Kaduna, ko zoɓo daga Jigawa, ko ƙaro daga Yobe, kaya suna shan zafi da laima, wa'adin da aka yi da mai saye a ƙasar waje yana wucewa.

Na huɗu, cikin tashar kanta akwai jinkiri. Shekaru da dama na'urorin duba kaya sun lalace, sai da hannu ake buɗe kwantena a zazzage ta, hukumomi barkatai kuma kowace na son ta sa hannu. Mai kaya ya bi wannan tebur, ya bi wancan, kuɗin ajiya na hawa. Bugu da ƙari, da aka ba kamfanoni masu zaman kansu hayar sassan tashar a 2006, zamanin Shugaba Obasanjo, aikin sauke kaya daga jirgi ya ƙara sauri, amma wuraren da motoci kan tsaya a ciki suka shiga hannun masu haya, ba a kuma tanadi madadinsu ba. Motar da ba ta da wurin tsayawa titi za ta hau.

Na biyar shi ne wanda ya fi ɓata mana rai. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da layi ya yi tsawo, sai wuri a cikin layin ya zama haja. Shingaye suka tsiro, masu kaki da 'yan tasha suka riƙa karɓar na goro kafin mota ta matsa gaba. Wanda ya biya ya wuce, wanda bai biya ba ya kwana. Daga nan aka sami mutanen da cunkoson ya zama gonarsu, waɗanda ranar da hanya ta buɗe ita ce ranar asararsu. Shi ya sa umurnin da Fadar Shugaban Ƙasa ta bayar a watan Mayu na 2019, cewa motoci su bar hanyoyin Apapa cikin kwana uku, da kwamitin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya shugabanta, suka kawo sauƙi na ɗan lokaci kawai. Korar mota daga gada ba ta rage kayan da ke jiranta ba.

Ba za mu ƙi faɗin gaskiya ba, an yi wasu ayyuka na kirki. A watan Fabrairu na 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fito da tsarin Eto, inda mota ke jira a garejin da aka amince da shi, sai an kira ta ta waya sa'an nan ta nufi ƙofa. Layi ya ragu ƙwarai, ko da yake direbobi sun yi ta kuka cewa 'yan kamasho na sayen tikiti suna sayarwa da tsada. A watan Yuni na shekarar aka buɗe sabon layin dogo daga Ikko zuwa Ibadan, kuma a 2023 aka fara jan kwantenoni a kansa daga Apapa. A watan Janairu na 2023 aka buɗe tashar Lekki mai zurfi, wadda manyan jirage ke iya shiga. A nan Arewa an buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, da ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024.

Amma fa tsugune ba ta ƙare ba. An buɗe tashar Lekki ba tare da layin dogo ya kai gare ta ba, ga kuma matatar Ɗangote a maƙwabtaka da ita, wadda ta fara fitar da mai a 2024, da nata ayarin tankoki. Wanda ya san yadda Apapa ta zama abin da ta zama, dole gabansa ya faɗi. Haka kuma tashar tsandauri da jirgin ƙasa ba ya zuwa mata a kai a kai, babban sito ce kawai mai tuta. Amfaninta shi ne a ɗauko kwantena daga bakin jirgi a rufe, a kawo ta Kano ko Kaduna, Kwastan su duba ta a nan, mai kaya ya biya haraji a nan. In har sai tirela ce za ta kawo ta, an gudu ne ba a tsira ba.

Saboda haka kiranmu ga hukuma a fili yake. A haɗa sabon layin dogo daga Ibadan har zuwa Kano, a kuma ba dakon kaya muhimmanci daidai da na fasinja, domin kaya ne ke riƙe reluwe a ko'ina. A kai layi Lekki tun kafin hanyarta ta toshe, don rigakafi ya fi magani. A gyara bututun mai a tsare shi, tanka ta koma ɗaukar mai a depon da ke kusa da ita. A yashe hanyoyin ruwan Warri da Kalaba, a tsare tekun yankin, don jirage su rarrabu maimakon kowa ya doshi Ikko. A tilasta wa kamfanonin jirage su karɓi fankon kwantenoninsu a wajen gari. Wanda aka kama yana sayar da layi kuma, komai launin kakinsa, a hukunta shi a bainar jama'a.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, maganar ta dawo kanmu. A cikinmu akwai injiniyoyin gobe, da jami'an Kwastan, da manyan sakatarori, da masu ba da kwangila. Waɗanda suka sa hannu a odar siminti ta 1975 su ma sun yi zamani a kan bencin makaranta kamar yadda muke yi yau, kuma ilmi bai gaza musu ba. Abin da ya gaza shi ne wanda zai tsaya ya tambaya, in kayan nan sun iso, ta ina za su wuce, wa kuma zai biya in sun maƙale? Ranar da takarda irin wannan ta iso teburin ɗayanmu, muna fata zai yi wannan tambaya kafin ya ɗauki alƙalami. Allah ya ba mu ikon yin haka, amin.