Wai Hawan Dutse Aikin Turawa Ne?

Ba ɗabi'ata ba ce in ɗauki alƙalami don jayayya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A taronmu na makon jiya an kawo shawarar wai a soke fitar da wannan ƙungiya take yi zuwa Dutsen Dukku, a gefen Birnin Kebbi, kowace bazara, a zuba kuɗin cikin liyafar ƙarshen zango a otal. Hujjar masu shawarar ita ce hawan dutse ɗabi'ar Turawa ce, kuma babu abin da ke cikinsa sai wahala da zufa. To, ni ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Da farko, wane Bature ne ya nuna wa Barbushe hanyar hawa Dala? Wane Bature ne ya zaunar da mutanen Zazzau a gindin Kufena, ko ya ce wa mutanen Kwatarkwashi su girmama dutsensu? Kanta na Kabi da ya gina ganuwar Surame da duwatsu a ƙarni na 16, daga Ingila aka aiko masa da magina? Ashe kuwa in ana neman abin aro, sai a duba liyafar otal, inda za mu zauna da cokali mai yatsu muna sauraron jawabi da Turanci, da sunan raya Hausa!

Na biyu, ni mutumin Ambursa ne. Tun ina sakandare na haddace cewa Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805, cewa Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a 1849, kuma garinmu ribaɗi ne da Gwandu ta tsare don fuskantar Argungu. Na rubuta haka a jarrabawa, na ci maki. Amma wallahi ban fahimci ko ɗaya ba sai ranar da na tsaya bisa dutsen nan, na ga fadamar Gulbin Kabi shimfiɗe a ƙasa iyakar ganin ido. Nan na gane cewa da ruwa ya cika wannan fadama, mai doki ba shi da ta cewa sai mai jirgi, kuma wanda ya san mashigai ya fi mai yawan mayaƙa. Abin da littafi ya kasa cusa mini a shekaru, ƙafata ta koya mini a hantsi ɗaya. Gani ya kori ji.

Na uku, harshen da muke taƙama da shi fa? A fitar bara mu 17 ne, maza da mata, akasarinmu masu nazarin Hausa. Muna gangarowa muka haɗu da wani dattijo makiyayi, ya dube mu ya ce, "Ɗiyana, mi kuka biɗa bisa dutsi da wanga zahi?" Muka ce, "Baba, ilmi muke nema." Ya yi dariya, ya nuna wani tsiro ya ce mu faɗi sunansa. Mutum uku kaɗai suka san sabara ce. Ya nuna geza, aka ce kalgo. Ya tambayi bambancin fako da marmara, muka yi tsuru-tsuru kamar an kama mu da satar kaza. Jama'a, wanda zai iya rarrabe aji bakwai na aikatau amma bai san itacen da ke bayan gidansu ba, digirin me zai karɓa? Irin waɗannan dattawa kuwa kullum ƙarewa suke yi, kuma ba za su zo otal su same mu ba.

Ban musa cewa akwai wahala ba. Bara mun yi sakaci, muka tashi bayan rana ta take, ruwa ya ƙare mana, har wata 'yar'uwarmu ta jigata. Laifinmu ne, ba na dutse ba. Maganinsa a tashi da an idar da sallar asuba, kowa da goransa, a sanar da mai unguwa da hukuma tun kafin ranar, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a sauko kafin azahar. Ba a fasa noma don tsoron fara.

Abin kunya ne a ce tun 2016 Hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin kayan gadon duniya, baƙi suna sauka filin jirgin sama na Ambursa don su ga Matan Fada, mu kuwa 'yan gida muna ƙyashin taka tudun da ke bayan ɗakinmu. Saboda haka ina roƙon kowane ɗan ƙungiya ya halarci taro mai zuwa ya ƙi wannan shawara. Shinkafar liyafa kwana ɗaya take yi a ciki. Malamanmu kuma, don Allah bana ku taka mana, ko da zuwa gindin dutsen ne.

Wassalam.