Zancen Gida: Ɗan Makaranta, Aku da Labarin Ruwan Sama

A wannan wata maganarmu ta fi shafar gidajen da ke da 'ya'ya a makarantar sakandare, musamman na wajen Jega, Aliero da Maiyama, gama jarrabawa da damina tare suke zuwa, kowace kuwa da irin tata fargaba.

A 'yan shekarun nan malamai suna yawan sa yara su rubuta abin da suka sani game da sauyin yanayi. In kun duba littattafan 'ya'yanku za ku tarar amsar kusan iri ɗaya ce: hamada tana matsowa, ruwan sama ya ragu, Tafkin Chadi ya ƙafe, ƙanƙara tana narkewa a ƙasashen sanyi. Daga waya aka kwaso ta, ko daga bakin wani wanda shi ma daga waya ya kwaso. Yaro ya sami maki, kowa ya ji daɗi. Amma yaron nan a bakin Gulbin Zamfara ya tashi. A watan Agusta da Satumba na 2020 da idonsa ya ga ruwa ya shanye fadama, shinkafar da aka zuba wa taki da kuɗin bashi ta nutse tana gab da nuna. Ga shi ya rubuta shafi biyu a kan fari, bai ambaci ambaliya ko sau ɗaya ba. Watau abin da ya karanta ya rufe masa abin da ya gani. Wannan shi ne ya dame mu.

Maganin abin yana cikin jakarsa ta makaranta, a darasin da iyaye da yawa suke rainawa, watau nazarin adabi. Mun sha jin uba yana cewa, me tatsuniya za ta ƙara wa yaro, a bar shi ya yi lissafi da kimiyya. To, sai mu duba.

Ku ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Kowa ya san aku ne yake ba da labaran littafi na farko. Abin da malamin kirki yake tambayar yara shi ne, don me akun yake ba da su? Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana ƙulla masa sharri. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya ja shi da labari har gari ya waye. Labaran suna da daɗi, suna kuma da hikima, amma aikinsu na farko shi ne su riƙe mai sauraro a zaune. Yaron da ya gane wannan ya koyi babban abu: mai ba da labari yana da bukata, kuma bukatar ba kullum take fitowa a cikin labarin ba.

Haka kuma Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya. Alhaji Imam ne yake ba da labarin kansa da bakinsa. Duk abin da muka sani game da Malam Zurƙe, abokin karawarsa, daga wurin Alhaji muka ji shi. Da Zurƙe ne ya zauna ya ba da labarin, da wa zai fito wawa? Yara suna dariya in an yi musu wannan tambaya, amma ita ce tambayar da alkali yake yi kafin ya yanke shari'a. Wa yake magana? Yaya aka yi ya sani? Me ya bari bai faɗa ba?

Yanzu akun yana cikin aljihun yaro. Dā gida ɗaya rediyo ɗaya, a saurari Kaduna, ko sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, maigida yana zaune, in an faɗi abin da bai gamsu ba ya ce a'a, yara suna ji. Kafin rediyo ma akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, mutum ɗaya ya karanta, goma su saurara, su yi ta muhawara. Yau yaro shi kaɗai yake kallon Facebook da TikTok a ɗaki, ba mai ce masa a'a. Kamfanonin nan da talla suke cin abinci, iyakar daɗewar mutum a kansu iyakar ribarsu, saboda haka abin da ya fi tayar da hankali shi suke turowa gaba. Akun Musa don ya ceci ransa ya riƙe shi. Wannan kuwa don kuɗi yake riƙe yaro. Ba mu ce a ƙwace wayar ba, gama da ita ake jin farashin albasa a Legas kafin mota ta tashi daga Aliero. Mun ce dai a yi mata tambayoyin da ake yi wa Alhaji Imam.

Bari mu gwada da labarin Tafkin Chadi, tun da shi ne yara suka fi kawowa. Gaskiya ne a wajen 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, gaskiya ne kuma a tsakiyar shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan. Amma ku lura da shekarun da aka zaɓa. An fara awo daga lokacin da ruwa ya yi yawa ƙwarai, aka tsaya a lokacin fari mafi tsanani. Tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da raguwa haka ba, ya ma ɗan farfaɗo, a 2022 da 2024 kuwa ambaliya ce ta addabi mutanen yankin. Wanda ya ba da labarin bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya inda labarin ya fi ban tausayi. Yaron da ya san tambayar "me aka bari" zai gano haka.

To, mene ne gaskiyar abin a ƙasarmu? Duniya tana ɗumama, wannan ba shakka. Hayaƙin kwal da man fetur da iskar gas yana taruwa a sama yana riƙe zafin rana, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kashi miliyan na iska wajen kashi 280 ne na wannan hayaƙi, yanzu ya wuce 420. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, a watan Afrilu nata garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Afirka duka kuwa ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin ba, ko da shi ke tana cikin masu shan wahalarsa.

Amma zancen ruwan sama ya fi haka wuya, nan ne kuma amsar da aka kwafa take ɓata. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da shanu suka mutu, rumbuna suka zama wayam. Bayan wannan ruwa ya dawo a ƙasashen Sahel, sai dai ya dawo da wani hali. Iska mai zafi ta fi ɗaukar laima, in ta tashi saki kuwa sai ta saki da yawa a lokaci ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Watau jimlar ruwan shekara tana iya zama daidai da ta dā, wajen milimita 700 zuwa 900 a yankinmu, amma a zubo da kaso babba a kwana kaɗan, sa'an nan a ɗauke na mako biyu ko uku daidai lokacin da gero yake neman ruwa. Manomin tudu a Maiyama yana kukan fari, na fadama a Jega yana kukan ambaliya, a damina ɗaya, kuma dukansu gaskiya suke faɗi. Manomin albasa na Aliero shi ma yana da nasa: albasa tana son sanyin hunturu kafin ta yi kai, in zafi da laima sun yi yawa kuma sai ta ruɓe a rudu tun farashi bai tashi ba.

Ko ambaliyar 2020 ɗin ma sai an karanta ta da hankali. Jaridu sun ruwaito cewa wajen hekta 450,000 na shinkafa ne ruwa ya ci a Jihar Kebbi. Asara ce babba, ba wanda ya isa ya musa, gama jihar ce aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a cikinta a watan Nuwamba na 2015, mutane da yawa kuma da bashin nan suka yi noma. Duk da haka ɗan makaranta ya kamata ya san adadin ƙiyasi ne da shugabanni suka bayar ruwa bai janye ba tukuna, ba a bi gona gona da igiya an auna ba. Ya kamata kuma ya tambaya ko duk laifin na sama ne. An sare itatuwan bakin gulbi, yashi ya cike hanyar ruwa, an yi gini a inda kakanni suka san ruwa yana bi, magudanan cikin gari sun toshe da leda. Kalmar "sauyin yanayi" tana da daɗin faɗi ga wanda ya kamata ya yashe magudana bai yashe ba, gama ba a kai ƙarar sama wurin alkali. Nan ma tambayar nan ta aku tana aiki: me mai maganar yake so mu yi, ko kuwa me yake so mu manta?

Kada iyaye su ɗauka wannan zancen jarrabawa ne kawai. A gidaje da yawa yaron sakandare shi ne mai karanta wa gida saƙon waya. Shi ne zai ce, Baba, an ce bana ruwa zai zo da wuri, ko an ce za a saki ruwan madatsa. A kan maganarsa ake iya yin binne, ko a ci bashin taki, ko a yanke shinkafa ba ta gama nuna ba. In saƙon tsohon hoto ne na wata ƙasa da aka sake yaɗawa da sunan garinmu, iri da kuɗi sun tafi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake zaton ruwa zai sauka da lokacin da zai ɗauke. Ita ma hasashe take yi, tana dacewa tana kuskurewa, amma tana da suna da ofis, ana iya komawa a gwada abin da ta faɗa da abin da ya faru. Saƙon da ya fara da "an ce" ba shi da uba.

Akwai kuma littafi guda da ba a buga ba, yana zaune a ƙofar gida a kan tabarma. Kaka ya san shekarar da ruwa ya taɓa kaiwa gindin tsamiyar nan, ya san lokacin da shamuwa take isowa da lokacin da gawo yake zubar da ganye. Sai yara su zauna su tambaye shi, su rubuta. Amma, da girmamawa, shi ma a yi masa nazari, gama tsoho yakan tuna shekarar yunwa da shekarar yalwa, ya manta da sauran na tsakani, kuma a bakin kowane dattijo daminar ƙuruciyarsa ta fi ta yau albarka. Wani sa'i gaskiya ne, tun da shekarun 1950 da farkon 1960 lalle sun yi ruwa sosai. Wani sa'i kuwa ƙuruciyar ce yake kewa.

Shawararmu ga gidajen da za su iya ita ce, bana yaro ya auna ruwan gidansu da kansa. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, a kafa shi a fili nesa da itace da indararo, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa don kaji da awaki. Kowace safiya a lokaci ɗaya ya tsoma rula, ya rubuta kwanan wata da milimita nawa, ya zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ma ya rubuta sifiri, gama kwanakin nan su ne suka fi muhimmanci ga gero. Milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, saboda haka ruwan milimita 50 a dare ɗaya ya zuba lita 500,000 a kan hekta guda. Sa'an nan a gefen shafin ya riƙa rubuta abin da rediyo da waya suka ce za a yi, da sunan wanda ya faɗa. In watan Oktoba ya yi, sai a jera shafukan a gaban maigida a ga wa ya dace. Jami'ar kimiyya da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana koyar da aikin gona, yaron da ya shiga can da littafin awon damina uku a hannunsa ya riga ya san abin da ake nufi da bincike.

Malaman makaranta da suke karanta wannan shafi, muna roƙonku in kun sake ba da tambayar sauyin yanayi, ku ƙara layi ɗaya a ƙasanta: yaro ya kawo misali daga garinsu, ya kuma faɗi inda ya samo kowane adadi da ya rubuta. Yaran da suka fara awon kuwa, su aiko mana da abin da gwangwaninsu ya nuna a watan Agusta, tare da sunan garinsu, za mu jera na Jega da na Aliero da na Maiyama a wannan shafi.