Bangon da Ke Faɗuwa a Agusta, a Duba Shi Tun Watan Mayu

Idan aka ce wa mutumin Ɗanzomo ko Maigatari danshi yana cikin manyan abokan gaban gidansa, mai yiwuwa dariya zai yi. Ƙasar Gumel ƙasar rairayi ce, ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, kusan dukkansa kuma tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Rijiyoyin yankin suna da zurfi ƙwarai, babu kuma wani babban kogi da ya ratsa shi. Amma duk da haka da wuya damina ta wuce ba a ji labarin katangar da ta zube ko ɗakin da ya rufta ba. A daminar 2020 da ta 2022 da ta 2024 Jihar Jigawa ta yi asarar gidaje masu ɗimbin yawa. Wasu ambaliyar kogin Haɗeja ce ta ci su, amma a garuruwan da ke nesa da kogi, bango ne ke shan ruwa a hankali har ya kasa ɗaukar kansa.

Ra'ayina shi ne, irin wannan bango yana nuna alamar ciwonsa tun da daɗewa, kuma ya kamata a sami masanin da zai riƙa duba gidaje kafin saukar damina, kamar yadda ake duba lafiyar mutum. Kafin in kare wannan ra'ayi, bari mu ga hanyoyin da ruwa ke bi ya shiga gida.

Hanyar da kowa ya sani ita ce yoyon rufi da tsagewar bango, ba sai mun tsaya a kanta ba. Wadda ta fi ɓarna ta ƙasa take zuwa. Ɗalibin da ya taɓa lura da yadda lagwani ke jan kananzir sama ya riga ya san sirrin. Tubali da bulo cike suke da ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani, ruwa kuwa yana hawa cikin siririyar kafa da kansa, gwargwadon ƙanƙantar kafar gwargwadon nisan hawansa. Yumɓu ya fi rairayi ƙananan kafofi, saboda haka bangon ƙasa da ke tsaye a kan rairayi kamar lagwani ne a cikin fitila. To, tun da ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da nisa a nan, ina bangon ke samun abin sha? Daga wurinmu yake samu: indararon da ke zuba a gindin katanga, makwararar da shara ta toshe, wurin wanka da wanke-wanken da aka jingina da bangon ɗaki, da kududdufin da aka haƙa a bayan gida lokacin ɗibar ƙasar gini. Ruwan kuma ba shi kaɗai yake hawa ba, yana tafe da gishirin da ya narkar daga ƙasa da fitsarin dabbobi. In ya bushe sai ya bar gishirin a fuskar bangon, fari-fari kamar kanwa, ƙwayoyinsa suna girma suna farfasa ƙasar. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ganin gindin tsohuwar katanga ya zaizaye ya shige ciki, alhali samanta lafiya lau.

Akwai kuma ruwan da ke fitowa daga iskar ɗakin kanta, wanda mutane da yawa ke ɗauka yoyo ne. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya riƙe tururin ruwa. Iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi tana iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa idan zafinta digiri 30 ne, amma in ta huce zuwa digiri 20 ba ta iya riƙe fiye da giram 17. Ragowar dole ta sauke shi a kan duk abin da ya fi sanyi a kusa, kamar dai raɓar da ke kwanta a kan ciyawa da asuba. Mutum mai barci yana fitar da kimanin sulusin lita na ruwa a dare ɗaya ta numfashi da fata, mutum shida kusan lita 2 ke nan. Lita ɗaya ta kananzir da aka ƙona a risho tana sakin kusan lita ɗaya ta ruwa a iska. A haɗa wannan da ɗakin da aka toshe tagarsa saboda sanyi ko tsoron ɓarayi, da rufin kwano marar silin wanda ke hucewa da sauri in dare ya raba, sai a wayi gari kwano yana ɗiga ko da ba a yi ruwa ba. Maigida ya kira kafinta a sake ƙusa, kuɗi su tafi, ɗiga ba ta daina ba.

A matsayina na malamin nazarin halittu, abin da ya fi damuna shi ne abin da ke tsira a kan wannan laima. Fumfuna halitta ce mai rai, tana yaɗuwa ta ƙananan ƙwayoyin iri da ke yawo a iska. Da zarar ta sami wuri mai laima na 'yan kwanaki sai ta kafa, a bayan sif, a ƙarƙashin katifa, a jikin takalmin fata. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan gidaje sun fi fama da tari da fuka da sauran cututtukan numfashi. A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a garin Rochdale na Ingila, bincike kuma ya tabbatar da cewa fumfunar gidan hayar da iyayensa ke ciki ce ta lalata masa numfashi. Wannan ya sa aka yi dokar da ta tilasta wa hukumomin gidajen haya bincika ƙorafin danshi cikin ƙayyadadden lokaci.

A wurinmu akwai ƙarin haɗari, domin ɗakin kwana sau da yawa shi ne ma'ajin amfanin gona. Rumbun gargajiya a kan duwatsu ake ɗora shi, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa. Yanzu kuwa buhunan gero da gyaɗa da riɗi a kan daɓe ake jibge su a jingine da bango, ana jiran farashi ya tashi a kasuwar Maigatari. Fumfunar da masana ke kira Aspergillus flavus tana son gyaɗa da masara masu laima, tana kuma zuba musu guba mai suna afalatoksin wadda dafuwa ba ta kashewa, wadda kuma ke jawo ciwon dajin hanta. An gano wannan guba bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara.

Magabata ba su jahilci wannan yaƙi ba. Sun yi amfani da makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, suna kuma sabunta yaɓe kafin kowace damina. Irin wannan yaɓe yana kore ruwan sama, amma yana barin bango ya fitar da laimar da ke cikinsa. Abin da ya zama ruwan dare a yau shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti, a yi masa fenti, a ce an huta. A ganina wannan na cikin manyan kurakuran gininmu na zamani. Siminti ba ya miƙewa da takurewa tare da ƙasa, don haka ba ya daɗewa sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, tubalin ya yi ta laushi a ɓoye, fuskar bango kuwa sumul, har ranar da zai zo ƙasa gaba ɗaya. Masu ginin bulo ma ba su tsira ba. Abin da magina ke kira difisi asalinsa shimfiɗa ce ta leda mai kauri ko kwalta da ke tare ruwa daga hawa bango, amma sau da yawa kankare kawai ake zubawa, sunan ya rage, ledar babu.

Ga inda mai dubawa yake da amfani. Kowane irin danshi da maganinsa, wanda ya rikita su kuwa asara zai yi. Na ƙasa yana son a karkatar da ruwa daga gindin bango, na iska yana son taga da silin. A Ingila akwai masu sana'ar duba danshi, suna yawo da na'urar da ake dannawa a bango. Sai dai ba na so mu kwaikwaye su ido rufe. Na'urar wutar lantarki take aunawa, gishirin da ke bango kuwa yana iya sa ta nuna laima a inda babu. Sannan da yawa daga cikin masu dubawar ma'aikatan kamfanonin sayar da maganin ne, wanda ke da haja kuwa ba ya rasa ganin ciwo. Mu muna da namu tsarin tun zamanin En'e, wato duba-gari, waɗanda yanzu ake kira jami'an lafiyar muhalli, ana kuma horar da su a makarantu irin su Makarantar Koyon Tsafta ta Kano da ta fasahar lafiya da ke Jahun. Shawarata ita ce ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su ba waɗannan jami'ai horo a kan danshi, su haɗa kowanensu da gogaggen maginin gargajiya na unguwa, su zaga gidaje a watan Mayu.

Na san abin da za a ce. Dattawa ba su manta da duba-garin da ke leƙa randa ya ci tara ba, wasu kuma za su ji tsoron an buɗe wata sabuwar ƙofar cin hanci. Tsoron yana da tushe, shi ya sa nake cewa kada a haɗa wannan zagaye da tara ko kaɗan, kada kuma mai dubawa ya sayar da komai. Ya duba, ya faɗi abin da ya gani, mai unguwa na tsaye. Za a kuma ce talaka ba shi da kuɗin gyara. Gaskiya ne ba shi da kuɗin sabon ɗaki. Amma ƙara wa indararo tsawo, da tara ƙasa a gindin bango ta gangara waje, da ɗora buhu a kan itace nesa da bango, da huda ƙaramar taga a sama kusa da rufi, duk ba su kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba.

Malaman kimiyya na sakandare ba sai sun jira ƙaramar hukuma ba. A sa ɗalibai su yanko leda mai faɗin tafin hannu biyu, su manna ta a bangon da ake zargi, su liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana biyu. Idan laima ta taru a bayan ledar, ta wajen bango, ruwan daga cikin bangon yake fitowa. Idan a fuskarta ta waje ta taru, daga iskar ɗakin yake. Haka kuma a zuba hatsi a busasshiyar kwalba tare da cokalin busasshen gishiri, a rufe, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe yadda za a ajiye shi ba. Kowane ɗalibi ya auna tsayin farin tabon da ke gindin katangar gidansu, ya rubuta a watan Mayu, ya sake aunawa a watan Satumba, ya kawo wa malaminsa lissafin.